Kada Shinkafa Ta Taɓa Kaza

Litinin, da hantsi

Yaya Babba ta kira ni ina tsakiyar aiki, ga layi har bakin ƙofar kemis. Yayar mijina ce, dole na ɗauka. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce an tsayar da ranar liyafar ritayar Baba, surukina, Asabar ta ƙarshen wata, a gidan abincin nan mai bene. Na ce madalla. Sai ta yi ƙasa da murya kamar mai zuwa ta'aziyya, ta ce, "Ita kuma Injiniya sai a samo mai zama da ita a gida. Don ita ma ta huta."

Don ta huta! 'Yata, yarinya 'yar shekara bakwai, za ta huta da cin abinci da kakanta.

Na ce, "Yaya, Baba ne ya ce haka?" Ta ce ai ba sai Baba ya ce ba, kowa ya ji abin da ya faru ranar nan. Na ce, "To ki sa mata kujera. Za ta zo, za ta zauna, za ta ci." Na ajiye wayar, saura kaɗan na miƙa wa wata tsohuwa maganin tari a madadin na ciwon gwiwa.

Yanzu da na huce na ga girman maganar da na yi. Amma bakin alƙalami ya bushe.

Litinin, da yamma

Abin da ya faru ranar nan ba zan rubuta shi ba.

Talata, da safe

Takalman mijina suna nan a bakin ƙofa. Tun da ya koma gidan ƙaninsa, kullum da safe sai Injiniya ta jera su, baƙi, ruwan ƙasa, silifas, hancinsu yana kallon bango. Shi ne ma ya sa mata sunan, saboda wannan jere-jeren nata na cokula da murafun kwalba. Lokacin abin dariya ne a wurinsa, har hoto yake ɗauka yana nuna wa abokai.

Likita ta ce otizim ne. A rediyo suna cewa galahanga, kalmar da na tsana kamar me. Dangin ubanta kuwa suna da nasu sunan, shagwaɓa, kuma sun san wadda ta shagwaɓa ta. Yarinyar da ƙarar injin markaɗe ke shiga kanta kamar ana huda shi, wai duka biyu ne zai gyara ta. To su zo su gwada a gabana.

Bai kira ba.

Laraba, bayan la'asar

Mun buɗe gidan abinci a falo. Na jawo ƙaramin tebur, na shimfiɗa masa mayafi, na rataya tawul a hannu, na ɗauki biro da takarda. Na tsaya a kanta na ce, "Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Me za a kawo miki?" Ta dubi tawul ɗin ta ce, "Na kicin ne." Na ce yau ya samu ƙarin girma.

Ga dokar da na kafa mata: a zauna, a ɗora hannu a kan tebur, ba a tashi, ba a taɓa abinci, sai mai kawo abinci ya zo ya tambaya. Ita kuwa Injiniya idan doka ta shiga kanta, ta shiga ke nan, ko da gatari ba ka cire ta. Maganar da za ta faɗa kuma mun tsara ta tare: "Don Allah shinkafa fara da kaza. Kada su taɓa juna. Ruwa ba ƙanƙara. Na gode."

Yau ta faɗa wa tebur, ba ni ba. Na karɓa a haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Juma'a, da azahar

Na ɗauki awa biyu daga aiki muka je gidan abincin lokacin da babu kowa, ruwa kawai za mu sha mu fito. Na sa mata abin toshe kunnenta. A bakin ƙofa ta coge, don ta gane wurin, nan ne abin ya faru ranar nan. Ni ma ƙafata ta gane shi. Muka tsaya muna kallon ƙofar gilashi kamar masu jiran mota.

Wani mai kawo abinci, dattijo dogo mai furfura a gemu, ya leƙo ya ce mu shigo mana. Na ce muna zuwa. Bai matsa ba, ya bar ƙofar a buɗe ya koma goge teburansa. Can sai ta shiga da kanta, ta bi jikin bango har teburin lungu. Muka zauna. Dogon ya zo ya tambaya, ta ce, "Ruwa ba ƙanƙara," ta manta na gode, shi ya ce mata na gode.

Ta sha rabin kofi muka fito. A mota na yi ta murna ni kaɗai kamar wadda ta ci jarrabawa.

Asabar

Na tura wa ubanta bidiyon gidan abincinmu na falo. Alamar ya gani ta fito. Shiru.

Litinin, da yamma

Kai, mutane! Mutane!

Yau mun yi odar abinci sosai. Komai yana tafiya daidai, ta faɗi maganarta tsaf, Dogo ya rubuta. Muna jira sai wani ya yi odar lemon 'ya'yan itace, aka kunna injin markaɗe. Kafin na miƙa hannu ga abin toshe kunnen ta riga ta shige ƙarƙashin tebur tana buga kai da hannu tana ihu. Na bi ta ƙasa, na rufe mata kunnuwa da tafukana, ina ƙirga mata cokula kamar yadda muke yi a gida.

Ina durƙushe a wurin sai ga takalmin wata mata a gabana. Ta sunkuyo, turarenta kamar zai kashe mutum, ta ce, "Baiwar Allah, kin kai ta an duba ta kuwa? Akwai wani mai magani, ɗan maƙwabciyata ma haka yake, kwana uku aka yi masa magani ya warke." Na ce na gode. Ta ce ko ta ba ni lambarsa. Na ce na gode. Ta ce ai irin wannan ba a fitowa da su cikin jama'a sai sun warke. Nan fa na ɗago na ce, "Hajiya, abincinki yana hucewa."

Abin da na so in faɗa mata ba zai rubutu ba. Ta koma teburinta tana ce wa mijinta ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, da ƙarfi yadda zan ji. Na ji. Allah ya isa.

Manaja ma ya zo yana murza hannu, wai ko za a zuba mana a leda mu tafi da shi. Na ce a faranti muka yi oda, a faranti za mu ci. Injiniya ta fito daga ƙarƙashin tebur da kanta, fuska duk hawaye, ta hau kujera ta ɗora hannuwa a kan tebur. Ta ci loma huɗu. A gaban matar nan ta ci su.

Talata, da safe

Kaina ciwo yake. Bai kira ba.

Laraba, da hantsi

Na kira Mama don in ji sanyi, sai ta ƙara min zafi. Na ba ta labarin matar nan, ta yi ta ba ni haƙuri, daga ƙarshe ta ce, "Ya za a yi, 'yar nan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ruɓewa? 'Yata ce ta ruɓe? Na san Mama ba da mugunta ta faɗa ba, ita ce ma ke ɗinka wa Injiniya riguna marasa ƙaiƙayi a wuya. Amma na gaji da masu ƙaunar 'yata kamar suna yi mata alfarma. Daga nan ta shiga zancen da na san za ta shiga, wai mace ba ta barin mijinta yana kwana a gidan ƙani, mutane za su yi magana. Na ce ni ban kore shi ba, tambaya ɗaya na yi masa, shi ya ɗauki jaka. Ta ce wace tambaya. Na ce Mama ga kwastoma.

Alhamis, bayan la'asar

Sabon darasi. Da gangan na bar miyar kaza ta gangaro ta taɓa shinkafa. Na ga kafaɗunta sun hau sama, numfashi ya fara sauri. Na ce, "Ba ihu. Me ake cewa?" Ta ture farantin ya kife a ƙasa. Na share, na sake zubawa, na sake taɓawa. Ta sake kifarwa. Shinkafar gidan nan ta ga ta kanta yau.

Wajen magariba, ina shirin haƙura, ta runtse ido ta ce, "Don Allah a canja." Na kwashi farantin da gudu kamar wadda za a kora daga aiki.

Asabar, da yamma

Mijina ya zo ɗaukar kaya.

Muna tsakiyar wasanmu, ina tsaye da tawul a hannu, sai na ji makulli a ƙofa. Ya rame, kuma ban ji tausayinsa ba, kada ma in yi ƙarya. Injiniya ba ta ɗago ba, ta dai ce, "Abba, takalmi," ya cire ya ajiye a ƙarshen layi. Ya tsaya a bakin falo yana kallonmu har muka gama, tun daga barka da zuwa har na gode.

Da ta shiga ɗaki ya biyo ni kicin ya ce, "Me ya sa kike son ki wahalar da ita? Don kawai ki nuna wa Yaya?"

Na ce, "Au, ni ce ke wahalar da ita?"

Ya ce ba haka yake nufi ba, taron mutane ne, abokan aikin Baba duk za su zo, idan abin ya motsa mata fa? Na ce, "Idan ya motsa sai ka duba wayarka, ai ka iya."

To, tunda na faɗa masa a fuska, bari in rubuta. Ranar nan, a wannan gidan abincin, da Injiniya ta faɗi ƙasa tana ihu, ni ina banɗaki. Na fito da gudu na tarar mutane sun kewaye ta. Wani mutum yana ta tambaya, "Wai 'yar waye wannan? Ina iyayenta?" Ubanta yana zaune a teburin da ke gabanta. Ya sunkuyar da kai yana kallon waya. Da mutumin ya sake tambaya, sai ya tashi ya fita mota. Da idona na gani.

Tambayar da na yi masa a gida ita ce ta mutumin nan: 'yar waye? Har yau bai ba ni amsa ba. Yau ma bai bayar ba. Ya ɗauki riguna biyu, ya sa takalminsa, ya ɓata mata layi ya tafi.

Lahadi

Ban yi wasan gidan abinci ba yau. Ita ta kawo min tawul ɗin har gado.

Talata, da azahar

Dogo ya hau da mu bene ya nuna mana zauren da za a yi liyafar. Babu kowa, kujeru a kife a kan tebura. Injiniya ta zagaya jikin bango ta zaɓi kujerar kusa da taga, nesa da lasifika. Na nuna mata banɗaki, na nuna mata injin busar da hannu na ce ba za mu taɓa shi ba, muna da hankici. Dogo ya ce ranar shi a ƙasa yake aiki, amma duk wanda ya zo tambayarta zai ji maganarta, tunda ta fi rabin kwastomominsu iya oda. Har na yi dariya.

Na aika wa Yaya Babba saƙo cewa kujerar taga tamu ce. Ta amso da "Toh." Wannan toh ɗin na san shi.

Alhamis, da safe

Baba ya kira da kansa. "Ina mutuniyata? Za ta zo dai ko? An ce min wai ba ta jin daɗi." Wai ba ta jin daɗi! Ashe har an riga an shirya masa ƙaryar da zai ji. Na ce lafiyarta ƙalau, Baba, tana nan tana shirin cinye maka kaji. Ya yi dariya ya ce ya ga alama, shi ya sa zai zo da cokalinsa a aljihu kada ta jera shi.

Na so in kai ƙara, na haɗiye. Ranarsa ce.

Juma'a, da yamma

Na goge rigarta. Na sa abin toshe kunne da hankici a jaka, na fito da su, na mayar.

Asabar, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Mun isa da wuri, muka kama kujerar taga. Mutane suka cika zauren, aka yi jawabai, Baba ya zo ya gaisa da mutuniyarsa daga nesa yadda take so. Ta zauna tsaf, hannuwa a kan tebur. Har na fara cewa a raina, Yaya Babba, yau sai ki haɗiye maganarki.

Sai aka yaye mayafin dogon teburin da ke gefe. Tukwane a jere, faranti a tsibe. Mai gabatarwa ya ce bismilla, kowa ya tashi ya zuba da kansa.

Ashe an canja tsari tun tsakiyar mako, babu mai zuwa tebur ya tambayi kowa. An faɗa wa kowa a dangi ban da ni. Ni kuma na yi makonni ina dasa wa yarinya cewa ba a tashi, ba a taɓa abinci, sai an zo an tambaya.

Na raɗa mata cewa yau dokar ta canja, mu je mu zuba. Ta ce, "Ba a tashi." Na je na zubo mata da kaina, shinkafa a nan, kaza a can, na ajiye. Ta ce, "Ba a tambaya ba." Na ɗauki tawul ɗin tebur zan yi abin da muka saba, ta ce, "Mama a gida ne." Gaskiyarta, a nan ni mai zama ce. Na tare wata ma'aikaciya mai ɗauke da tsibin faranti, ta ce tana zuwa, ba ta dawo ba. Ba zan iya sauka neman Dogo in bar ta ita kaɗai ba, ba a wannan ginin ba.

Kowa yana ci, cokula suna ƙara, ita tana zaune tana jira. Ta fara kaɗa jiki gaba da baya. Sai ƙaramin gurnanin nan da na sani ya fara fita. Kafaɗu suka hau. Na hango Yaya Babba ta ajiye cokali tana kallonmu, ta taɓa ta kusa da ita. Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu.

Ban ga tasowar ubanta ba. Daga babban tebur ya taso, kusa da Baba, da sabon ɗinkinsa. Ya zare tawul ɗin daga hannuna ba tare da ya kalle ni ba, ya rataya a nasa. Ya ciro biro a aljihu, ya juya katin gayyata. Ya tsaya a gefen dama, daidai inda nake tsayawa, ya ce, "Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Me za a kawo miki?"

Ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Ashe bidiyon ba sau ɗaya ya kalla ba.

Kaɗawar ta ragu. Ta dubi tawul ɗin, ta dubi biron. Ta ce, "Don Allah shinkafa fara da kaza. Kada su taɓa juna. Ruwa ba ƙanƙara. Na gode." Da ƙarfi ta faɗa, don abin toshe kunne yana kanta, rabin zauren ya ji. Ya rubuta. Ya ɗauke farantin da na zubo, ya je ya bi layi kamar kowa, ya dawo da sabo.

Yana ajiyewa wani tsoho cikin abokan aikin Baba, da bai san shi ba, ya ɗaga hannu daga teburin baya ya ce, "Kai, mai tawul, mu ma a kawo mana ruwa mana. Wai 'yar waye wannan da ake yi wa hidima ta musamman?"

Zauren ya yi tsit, ko kuma kunnena ne.

Ya juya ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe. 'Yata ce. Teburinta kaɗai nake yi wa aiki."

Ta cinye shinkafar tas, ta bar ƙashin kaza a jere a bakin faranti. Baba ya aiko mata da cokalinsa. Yaya Babba ta zo wucewa ta ce, "Ah, ashe ta iya." Na ce, "Ta iya, Yaya. Mu ne muke koyo." Ban yi kuka a wurin ba, sai a banɗaki, kuma wata ta kunna injin busar da hannu ya rufa min asiri.

Lahadi, da safe

Ya zo da sassafe da jakarsa. Na buɗe ƙofa, ya shigo. Kalma biyu a gaban jama'a ba za su goge min ranar nan ba, kuma na faɗa masa haka. Ya ce ya sani.

Injiniya ta ce, "Abba, takalmi." Daga nan ta miƙa masa tawul.

Ya soya ƙwai, ya kawo da burodi, ya bari gefen ƙwan ya hau kan burodin. Ta dube shi, kafaɗunta suka ɗan motsa, ta ce, "Don Allah a canja." Ya waiwayo yana kallona.

Ya koma kicin da farantin. Ban tashi na taya shi ba.